WA YA BA KA IZNIN MIƘA LAMBAR ƊAN UWANKA?

'Yan uwa, akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu a tsakanin samarinmu, wadda in aka ci gaba da yin shiru a kanta, wallahi za mu wayi gari mun tona asirin junanmu da hannunmu, ba wanda ya ɗora mana bindiga.

Da zarar baƙuwar lamba ta kira saurayi, sai ka ga ya garzaya Truecaller, nan take suna ya fito, yana ta murna wai shi wayayye. To ɗan uwa, wai shin ka taɓa tsayawa ka tambayi kanka daga ina sunan nan ya fito? Wannan kamfani fa na ƙasar Suwidin ne, an kafa shi a birnin Sitokhom a 2009, kuma babbar kasuwarsa Indiya. Ina ya san mai shayin unguwarku? Ina ya san ƙanwarka? Daga wayoyin mutane irinka sunayen suka fito, waɗanda aka nemi izninsu suka danna "na yarda" ba su karanta komai ba. Shi ya sa za ka ga bawan Allah mai mutunci, wanda bai taɓa sa manhajar a wayarsa ba, an bugo lambarsa sai ga shi ya fito da sunan tsokanar da wani ya laƙaba masa.

Kamfanin yana cewa ba ya ɗaukar lambobi sai da iznin mai waya. To iznin wa? Lambar Malaminka da ta mahaifiyarka da ta matar yayanka ba mallakarka ba ce, amana aka ba ka. Ai ko hukumar NITDA sai da ta shelanta bincike kan wannan manhaja a 2019 saboda batun sirrin mutane. Amma mu masu cewa mun zauna gaban Malamai ko a jikinmu!

Abin takaicin ma shi ne yadda wasu suka mai da abin sana'ar dare. A zauna ana ta gwada lambobi, in sunan mace ya fito sai a kira wai "kuskure aka yi", daga nan hira ta ƙullu. Subhanallahi! Wannan shi ne tajassusin da aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana, wadda muka haddace tun muna Islamiyya. In da ƙanwarka aka yi wa haka, ai da sai an rirriƙe ka.

Sai kuma batun saukar da waƙa. Hukuncin kiɗa na bar wa Malamai, ba fagena ba ne. Abin da nake magana a kai shi ne ƙofar da ake buɗewa. Saurayi yana neman waƙar banza-ta-faɗi, sai ya shiga wani shafi da ba a san mai shi ba, ya sauke manhaja, ita kuma ta ce sai an ba ta damar ganin lambobi da saƙonni da hotuna. Don Allah me ya haɗa jin waƙa da karanta saƙonninka? A cikin saƙonnin nan ne fa banki yake turo lambobin sirri. Tun Disambar 2020 kuma aka wajabta haɗa layi da lambar NIN, saboda haka layinka yanzu kai ne da kanka. Wanda yake ganin wasa ne, ya tuna da manhajojin ba da rance da hukumar FCCPC ta kai wa samame a Legas a 2022, waɗanda suke kwashe lambobin mai cin bashi, su bi danginsa da surukansa ɗaya bayan ɗaya suna ce musu ɓarawo ne. Da wannan iznin dai suka yi aikin.

Haka nan mai miƙa wayarsa a buɗe ga masu tura waƙa a rumfar caji, ya tafi yawonsa ya dawo. Da yawansu mutanen kirki ne masu neman halal, amma kai ne ka bar hotunan gidanku a hannun wanda ba ka sani ba.

Saboda haka ɗan uwa, yau ɗin nan, kafin ka kwanta, shiga saitin wayarka ka duba waɗanne manhajoji ne suke ganin lambobinka da saƙonninka, ka janye musu iznin. Wadda ba ka san asalinta ba ka goge ta. Truecaller yana da shafin cire lamba, ka cire taka, ka taimaki iyayenka su cire tasu. In kana jin ana zaftare maka kuɗi da sunan waƙar kira, ka kira kamfanin layinka a soke ta, saƙonnin talla kuwa ka tura STOP zuwa 2442, lambar da hukumar NCC ta tanada tun 2016. Baƙuwar lamba in ta kira ka, ɗauka ka yi sallama ka tambayi mai magana ko wane ne.

Wassalam.