Daga Hammatar Mai Kalangu Zuwa Gwiwar Mai Jita

A shekarar 1982 kamfanin Island ya fitar da faifan King Sunny Ade mai suna Juju Music, kuma duk wanda ya saurare shi da kunnen basira ya ji wani sauti mai sulɓi yana ratsa tsakanin gangunan Yarbawa, yana hawa yana sauka ba tare da ya katse ba. Demola Adepoju ne mai wannan aiki, da jitar kwance mai feda, wadda aka fi sanin ta a kiɗan mutanen karkarar Amurka. Shi ne kuma Paul Simon ya gayyata cikin faifan Graceland na 1986.

A zaune ake kaɗa ta, tana shimfiɗe a gaban mutum. Hannun hagu na riƙe da guntun ƙarfe yana zamewa a kan tsirkiya goma, na dama yana kaɗa su, ƙafar hagu na taka feda uku, ta dama na rage ƙara ko daɗa ta. Gwiwoyi ma ba su huta ba, domin a ƙarƙashi akwai liba huɗu ko biyar da ake turawa hagu ko dama, kowace ta ɗaure wata tsirkiya ko ta sassauta ta ana tsakiyar kiɗa. Bud Isaacs ne ya fito da salon taka feda sauti na cikin tafiya, a waƙar Webb Pierce da aka ɗauka a 1953.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin zaɓin aikin da za a ɗora wa kowace liba. Biyu daga ciki kusan kowa ya yarda da su: wadda ke ɗaga tsirkiya ta huɗu da ta takwas daga E zuwa F, wadda Lloyd Green ya shahara da ita a waƙar Tammy Wynette ta 1968, da wadda ke sauke su ƙasa kaɗan. Buddy Emmons ya haɗa su duka a gwiwar hagu, wasu kuwa suna raba su gwiwa biyu, saboda ƙafar da ke taka feda ita ce kuma za ta karkata ta tura liba, kuma ba kowane jiki ke iya haɗa biyun ba. Ragowar libobin, kowa da irin waƙar da yake raka wa.

Mu nan ƙasar Kazaure sauya sauti da gaɓar jiki ba baƙon ilimi ba ne. Wanda ya taɓa tsayawa filin dambe da kaka a ƙauyukan Roni ko Gwiwa, ko ya ji ana yi wa mahauta kiɗa a kasuwar Babura, ya ga mai kalangu yana matse tsirkiya da hammata, fata ta ɗaure sauti ya tashi, ya saki ya sauka, har ganga ta faɗi kirarin ɗan dambe da karin harshen Hausa. Kafin a shiga fili zai zauna ya ja tsirkiya, yana auna muryar mawaƙinsa da taken da za a kaɗa. Makaɗan Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da wannan hammatar suka raka shi shekara da shekaru, kuma ban taɓa jin kalangunsu ya danne maganarsa ba.

Abin da ke damuna ke nan da yaranmu masu haɗa kiɗa a situdiyo. Fiyano guda na ɗauke da ɗaruruwan sautuka, sai yaro ya ga dole kowanne ya shiga waƙa, muryar mawaƙi ta nutse. Tsofaffin masu jitar kwance suna gargaɗin ɗalibi kada ya ƙara liba sai ya ji a kunnensa wani sautin da waƙa ke nema hannu ya kasa kai wa, kuma idan ya kafa tsarinsa ya bar shi haka har gwiwa ta haddace. Ina fata mai situdiyo a Kazaure ya kira mai kalangu guda daga Roni, ya zaunar da shi kusa da yaransa, su ji yadda yake sassautawa idan mawaƙi ya buɗe baki.