Wasiƙa Daga Landan: Kafin Ka Ɗauko Guduma

Mu nan sanyi ya kankama, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa. Yau maganar mota ce, masu cewa na cika dogon turanci su huta.

Asabar biyu da suka wuce ɗan yayata ya zo mini da tsohuwar Golf ɗinsa. Tun daga bakin layi nake jin wata ƙara duk lokacin da ya hau tudun nan na rage gudu. Ya fito yana washe baki, ya ce, "Kawu, sababbin wili na sa. Tayar ce ke ɗan gogar fenda, ara mini gudumarka mu buɗa bakinta." Na durƙusa na leƙa, sai ga tsaga a kafaɗar tayar baya kamar an ja da reza. Wannan ita ce "ɗan guga" a wurinsa. Da ita kuma ya kai uwarsa Luton ya dawo, a kan babbar hanya.

Ni ba na cikin masu cewa kada yaro ya taɓa motarsa. A ƙasar nan ladan bakanike na awa ɗaya ya isa ya sa mutum zufa cikin sanyi, gara yaro ya san sifana da hannunsa. Abin da na ƙi shi ne a fara da fenda. Ita ce ta ƙarshe da ya kamata a taɓa, don sau da yawa laifin ba nata ba ne.

Ga dalilina. Motar ta zo da taya mai lamba 205/55 R16, shi kuma ya sa 225/45 R17. Lambar farko faɗi ce a milimita, wato ƙarin 20 ne kacal, 10 ciki 10 waje. Tsayin tayoyin biyu kuwa kusan ɗaya ne, milimita 632 da 634. Kamfanin da kansa yana fitar da Golf da wannan taya mai faɗin, ba ta gogar komai. To ina matsalar? Tana jikin wilin. A bayan kowane wili akwai wata lamba da ta fara da ET, wadda ke nuna inda wilin zai zauna, ko ya shige ciki ko ya turo waje. Lambar na raguwa, wilin na fitowa. Na asalin motarsa kusan ET50 ne, wanda ya sayo a intanet ET35, sai tayar ta ƙara matsowa waje da milimita 15. Ya kuma canza sifirin ya dusar da motar ƙasa, wai ta fi kyau. Ka turo taya waje, ka sauko da jikin mota a kanta, sannan ka ce fenda ce ba ta da kirki? Haba.

Amma a ce an auna komai, saura ƙiris ake nema. Nan ne na yarda da lanƙwasa. A bakin fenda ta ciki akwai wani leɓen ƙarfe da ya kwanta yana kallon taya, shi ke yanka. Ba buɗa fenda ake yi ba, leɓen ake naɗewa sama. Akwai rola ta musamman: a cire taya, a ɗaura ta da noti a mazaunin wilin, ɗan gangarenta na roba mai tauri ya riƙa bin leɓen gaba da baya, ana ƙara matsi kaɗan kaɗan. Kafin nan sai an wanke lakar da ta maƙale a bayan leɓen, in ba haka ba tsakuwa ɗaya za ta turo ƙulu a waje. Sai kuma na'urar hura iska mai zafi, a ɗumama fentin har ya yi laushi, iya zafin da hannu zai ɗan jure. Fenti mai sanyi tsagewa yake yi. Kuma don Allah kada a bar mota a kan jak kaɗai, a dasa ta a kan ƙafafun ƙarfe.

Na san wani zai ce, "Malam, fanabitanmu na gida da guduma yake wannan aiki ya tashi lafiya." Gaskiya ne, kuma ban raina hannunsu ba. Sai dai shi in ya gama yana shafe wurin ya sake feshin fenti. Sannan a Kano ba a watsa gishiri a titi. Nan kuwa duk hunturu motocin hukuma na bin hanya suna watsa shi saboda ƙanƙara. Tsaga kamar silin gashi ta ishi ruwan gishiri ya shiga, bayan hunturu biyu ka ga fenti ya kumbura, tsatsa ta ci ta ƙasa. Ta gaba da sauƙi, da noti aka ɗaura ta, a kwance a sa wata. Ta baya walda aka yi mata da gangar jikin motar, in ta lalace sai yanka da sabuwar walda.

Ga kuma hukuma. Duk motar da ta kai shekara 3 sai ta je gwajin MOT kowace shekara, tayar da ke gogar ƙarfen mota kuwa faɗuwa ce. Inshora ta fi ba ni tsoro. Canza wili da dusar da mota abubuwa ne da dole ka sanar da kamfaninka, in ka ɓoye aka yi haɗari suna iya ƙin biya. Na tambaye shi ko ya gaya musu, sai ya hau sosa ƙeya.

Abin da muka yi a ƙarshe: muka manna farin tef a cikin bakin fenda, na tara maƙwabta biyu masu jiki a kujerar baya, muka zaga unguwa. Inda tef ya goge nan ne matsalar. A gaba wani ɗan sukuru ne mai riƙe robar ciki, da ɗan leɓe kaɗan, muka ari rola muka naɗe shi cikin awa guda. A baya na ce ba da hannuna ba. Ya yi fushi ya tafi ko shayi bai sha ba.

Ran Laraba ya bugo waya, ya sa wilin a kasuwa, ya samo masu ET45, ya kuma kira inshora sun ƙara masa kuɗi. Tayar da ta tsage ita ma ya canza, kuɗin kuwa aljihun Kawu ne ya ji a jikinsa.

A gaida mutanen gida. Sai wasiƙa ta gaba, in Allah ya kai mu.