Kada Mu Bar Fangali Biyu Su Bushe

Ƴan'uwa ɗalibai, idan aka ba da (x + 3)(x + 2), wasu sai su rubuta x² + 6 su wuce. Bai kamata wannan ya kayar da ɗan Kadawa ba. Mu ɗauki gonar tumatir mai tsawon x + 3 da faɗin x + 2. Fangali huɗu ne a cikinta: x², 2x, 3x da 6. Jimla x² + 5x + 6. Wane manomi ne zai saki ruwan Tiga ga fangali biyu, ya bar biyu su bushe?

Masu duba WAEC da NECO suna ba da maki a kan matakan aiki, don haka mu rubuta kowane mataki. Malamanmu, muna roƙo ku zana mana gonar nan a allo. Sauri dai ya haifi nawa.