Bayan Leda ta Sha Mai, Ina Za a Kai Ta?

A watan Yuli na shekarar 2020 wani jirgin dakon kaya mai suna Wakashio ya yi karo da duwatsun ƙarƙashin ruwa a gaɓar tsibirin Morishus, kuma ba a yi mako biyu ba mai ya fara tsiyaya daga cikinsa, har kimanin tan 1,000. Mutanen tsibirin ba su zauna jiran kayan aiki daga Turai ba. Sun ɗinka dogayen buhuna, suka cusa musu busasshen ganyen rake da gashin kai, suka ɗaura musu gorunan roba don kada su nutse, sannan suka ja su cikin teku domin tare man. Abin da suka yi cikin gaggawa shi ne masana kimiyya ke ƙoƙarin yi a tsanake: a mayar da shara ta zama soson da zai tsotse mai daga ruwa.

Hikimar ba ta da wuyar fahimta. Daga man fetur ake yin roba, don haka jininsu ya haɗu: roba tana ƙin ruwa, tana kama mai. Duk wadda ta taɓa wanke robar da aka zuba manja a ciki ta san wannan. Faifan tsotse mai da kamfanoni ke saya da tsada ma, yawancinsu da zaren folifirofilin ake yin su, irin robar buhun shinkafa, kuma suna shan mai ninki goma na nauyinsu ko fiye. Ledar fiya-wata kuwa foliyetilin ce, 'yar'uwarta ta kusa. Aikin mai bincike shi ne ya buɗa wa robar ƙananan ƙofofi. Wasu sukan narkar da ita su ja ta zare-zare, wasu su jiƙa ta a sinadari su gauraya da gishiri, in ta daskare su wanke gishirin ya bar ramuka kamar na soso.

Ga ƙasar da ledoji suka toshe mata magudanan ruwa, kuma mai yake malala a cikinta tun bayan da aka haƙo shi a Oloibiri a 1956, wannan labari ne mai daɗin ji. Daɗin nasa ne ma ya sa nake ganin ya kamata mu yi hattara, kada mu yi wa rogo kallon kitse.

Soso ba ya kama sai man da ke yawo a saman ruwa. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 kan ƙasar Ogoni ya nuna cewa a wurare da dama mai ya nutsa cikin ƙasa har zurfin mita biyar, kuma a Nisisioken Ogale an sami sinadarin benzin, mai haddasa cutar daji, a ruwan rijiyoyi fiye da ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Rahoton ya ƙiyasta cewa gyaran zai ci shekara 25 zuwa 30. Babu ledar da za ta shiga ƙarƙashin ƙasa ta tsamo wannan. Wanda ya ce wa mutanen Ogoni ga maganin damuwarsu a cikin bola, ya yaudare su, ya kuma sauƙaƙa wa masu tsofaffin bututai laifinsu.

Sannan gwajin da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje ya cika tsabta. Akan zuba ruwa mai kyau a kofin gilashi, a ɗiga sabon mai, a tsoma soson, a auna. Ɗanyen man da ya kwana uku a rana ba haka yake ba. Ya yi kauri, ya cakuɗe da ruwa da laka, ba ya shiga ƙananan ƙofofi da sauƙi. Robobin su ma ba ɗaya ba ne. Ledar fiya-wata da zaren buhu suna tasowa saman ruwa, amma robar gorar lemo, in aka daddatsa ta, nutsewa take yi, domin iskar da ke cikinta ce dama ke ɗaga ta. Soson da ya sha mai ya nutse kuwa ya kai gubar inda kifi ke kiwo ke nan.

Babbar tambayar, wadda na lura takardunmu na bincike sukan tsallake ta, ita ce makomar soson bayan ya ƙoshi. A lokacin ya tashi daga shara mai ƙazanta ya koma shara mai guba. In an bar shi a gaɓa, rana za ta farfasa shi ya zama ɓurɓushin da ba mai iya tsincewa. In an kai shi juji, ruwan sama zai wanke man ya mayar da shi ƙasa. In an cinna masa wuta a fili, kamar yadda muka saba yi wa shara, mutanen Fatakwal da suka sha fama da baƙin toka tun 2016 sun san abin da zai biyo baya. An kashe maciji ba a sare kansa ba. A ra'ayina, duk binciken da ya tsaya a kan yawan man da soso ya sha, bai faɗi sau nawa za a iya matse shi a sake amfani da shi ba, bai kuma faɗi inda za a ƙone shi ba, rabin aiki ne. Mafita tana nan: tanderun masana'antar siminti yana kai zafin da ya haura digiri 1,400, kuma a ƙasashe da dama ana ƙona irin wannan shara a cikinsa a madadin gawayi. Muna da irin waɗannan masana'antu a Sakkwato da Ashaka da Obajana. Abin da ya rage shi ne yarjejeniya da doka, da motar da za ta kai kayan.

Duk da haka ban ce a bar binciken ba. Cewa na yi a sauya masa alƙibla. Malalar da soson leda zai iya wa ita ce ƙarama, wadda ba ta shiga labarai: baƙin man da makanikai ke zubarwa a kwata, dizal ɗin da ke ɗiga a ɗakin janareto, kwatamin gidan mai da ruwan damina ke kwashewa zuwa rafin da masu lambu ke ban-ruwa da shi. Nan ne faifai mai araha, wanda aka yi da ledar da 'yan bola-jari suka tara, zai yi aikin da na ƙasashen waje ba zai yi ba saboda tsada. Kuma tun da an ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a 2022, ga kuma bututun da ya taso daga Agadem ta Nijar zuwa gaɓar Binin, maganar malalar mai ta daina zama ta mutanen kudu kaɗai.

Ina kuma so a riƙa gwada soson leda kafaɗa da kafaɗa da audugar rimi, wadda kakanninmu ke cusa wa matashin kai. Zarenta rami gare shi a ciki, bayansa da santsin kakin da ke korar ruwa, shi ya sa masana suka daɗe da sanin tana shan mai sosai, kuma ita ruɓewa take yi. In rimi ya fi leda a gwajin, sai a rubuta hakan a sakamakon, a nemar wa ledar wani aikin.