Dokin Mai Baki Ya Fi Gudu

Duk wanda ya taɓa ganin cincirindon jama'a a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san cewa ba sai an koya wa Bahaushe son doki ba. A shekarar 2024 ma hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Amma matashin da ya yini a rana domin kallon hawa, da wuya ya iya faɗin sunan dokin da ya ci sukuwar bara, alhali yana iya lissafo 'yan wasan Arsenal ɗaya bayan ɗaya. Sukuwa tana samun 'yan kallo, magoya baya ne ta rasa.

Bambancin yana da girma. Ɗan kallo yakan zo sau ɗaya, ya sha ƙura, ya tafi. Magoyin baya kuwa yakan dawo, domin akwai labarin da yake bi. Ya san wane akawal ne ya sha kaye a hannun wane kili, ya kuma san ranar da za su sake karawa. Abin da ke haifar da irin wannan mutum shi ne rubutaccen tarihi da tsayayyen jadawali. Tun 1791 Ingila take da kundin asalin dawakin tsere, shi ya sa mai kallo a Ascot yake iya sanin uban doki da kakansa kafin a sake su.

Wasu za su ce caca ce ke riƙe da sukuwar Ingila, kuma da gaskiyarsu: tun 1961 ake karɓar wani kaso daga kamfanonin caca ana zuba wa wasan. Wannan ƙofa a rufe take a ƙasar Hausa, addini da al'ada sun rufe ta. Sai dai Dubai ta fara babbar gasarta a 1996, Saudiyya ta bi sahu a 2020 da kyautar dala miliyan 20, kuma ba a buɗe rumfar caca a filayensu ba. Kano da Maradi ba su da irin wannan dukiya, amma abin da suke bukata bai kai haka tsada ba.

Masu shirya gasa su tsayar da ranaku tun farkon shekara, su kuma cika alkawari. Kowane doki ya sami suna da lamba, a rubuta lokacin da ya yi da sunan mahayinsa. A samo mai sharhi da ya iya Hausa, a watsa tseren ta rediyo da waya. A killace filin, a tanadi inuwa da wurin zama, yadda magidanci zai zo da iyalinsa ba tare da fargabar doki ya kutsa cikin jama'a ba.

Jinkiri yana da farashi. Filin sukuwar Legas, inda aka ɗaga tutar Nijeriya ranar 1 ga Oktoba, 1960, yau Dandalin Tafawa Balewa ne, kofato ya daina taka shi. Fili mai faɗi a tsakiyar birni ba ya rasa masu kwaɗayinsa, kuma ranar da aka zo da taswirar gini, magoya baya ne kaɗai za su tsaya masa.