Kowa Ta Riƙe 'Yartsanarta

'Yan uwana mata, 'yan mata da matan aure, musamman ku da kuke raba dare kuna danna waya bayan yara sun yi barci. Yau da ku nake. Wadda maganata ta taɓa ta yi haƙuri, domin ni ma ba daga gefe nake leƙe ba, a cikin harkar nake tsundum, kuma laifin da zan faɗa har da nawa a ciki.

Wadda ba ta san abin ba, ga yadda yake. Mata ne za su haɗu a zaure guda na WhatsApp, a ƙirƙiro gida na ƙarya, a ce gidan wani Alhaji ne mai shagon atamfa a Kantin Kwari. Wannan ta ɗauki uwargida, waccan ta ɗauki amarya, wata ta zama Alhajin kansa, wata uwar miji, wata 'yar aiki. Babu murya babu hoto, rubutu ne zalla. Ke ki rubuta abin da taki ta yi da abin da ta ce, ni in amsa da tawa, haka labari zai yi ta tafiya wata da watanni, babu wadda ta san inda zai tsaya. Ya sha bamban da labaran da marubuciya ɗaya take saki shafi-shafi a Wattpad ko Facebook ana biye da ita. A nan kowa marubuciya ce, kowa kuma 'yar kallo ce. Namu zauren mu 14 ne, yawancinmu 'yan Fagge, biyu daga Sabon Gari, ɗaya ma Bayarabiya ce haifaffiyar France Road, wadda zan dawo kanta can gaba.

Tun kafin in shiga faɗa da 'yan uwana, bari in sallami masu cewa wannan baƙon abu ne da waya ta kawo don ta lalata mata. Haba malam! Wace ce a cikinmu ba ta yi wasan 'yartsana ba, ta yi mata aure, ta kai ta ɗaki da 'yan kwanoninta na gwangwani? Wace ce ba ta fita tashe da azumi ba, aka ɗaura wa wata rawani ta zama Daudu, wata ta zama Mairama, ana koya wa juna zaman aure ana dariya? A gidajen sarauta ma matan cikin gida suna da wasan gauta, inda suke kwaikwayon sarki da fadawansa. Kwaikwayo gadonmu ne, abin da waya ta yi kawai ta ɗauke shi daga tsakar gida ta mai da shi rubutu. Amma fa ku tuna, ko a wasan 'yartsana akwai doka. Yarinyar da ta fizge 'yartsanar wata ta ce ta mutu, ko ta ce an sake ta, a ranar ake korarta daga wasan. Wannan dokar da muka sani muna 'yan shekara bakwai, ita ce muka manta da muka girma muka riƙe waya mai tsada.

Ga abin da ya faru a zaurenmu, wanda shi ya sa na ɗauki biro.

Saboda kasala, ba mu raɗa wa mutanen labarinmu suna ba. Kowa da sunanta na gaskiya ake kiranta a cikin wasan, wai don kada a rikice. Wadda take uwargida wata baiwar Allah ce mai haƙuri, matar wani tela a nan Fagge, shekararta 9 da aure Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma kowa a zauren ya san haka. Wadda take amarya maƙwabciyarta ce, ashe akwai 'yar tsama a tsakaninsu kan kuɗin adashi, mu ba mu sani ba. Ran nan da dare uwargida ba ta kan waya, sai amarya ta zauna ta rubuta shafi guda cur. Ta rubuta cewa uwargida, da sunanta ƙarara, ta durƙusa a gabanta tana kuka, ta ce ta je wurin boka har sau uku don ta samu ciki, kuma ta zuba wa Alhaji magani a miya. Wallahi rubutun ya yi daɗin karatu, abin da ya ruɗe mu ke nan. Wata ta ce Allah ya tona asirinki, wata ta ce dama mun sani. Ni da nake muku wa'azi yanzu, fuskar dariya na tura har guda uku.

Kafin azahar ta gobe wata ta ɗauki hoton rubutun ta tura waje, ya bi hannu ya bi hannu har ya isa wayar ƙanwar mijinta. To ke ki duba da idon wadda ba ta san da wani wasa ba. Ga sunan matar wanta, ga maƙwabciya tana ba da labari, ga mata sun taru suna cewa dama sun sani. Wa zai ce mata ƙirƙira ce? Sati uku baiwar Allah ta yi a gidan iyayenta kafin manya su shiga tsakani, aka kira mu biyu muka je muka yi rantsuwa a gaban uwar miji. Da aka tambayi mai rubutun, budar bakinta sai ta ce, "Ai wasa ne."

Wasa? Wasan da ya fitar da mace daga ɗakinta? Laifi biyu ta yi, kuma kowanne ya isa kora. Na farko ta sa wa mutumiyar wata magana a baki ba da izini ba. Iyakarki ki ce amarya ta shigo ta watsa wa uwargida baƙar magana, sai ki tsaya nan, ki jira mai uwargida ta zo ta faɗi ko ta yi kuka, ko ta rama, ko ta yi banza da ke. Ba ki da ikon durƙusar da ita, ba ki da ikon sa ta suma, balle ki kashe ta ko ki sa Alhaji ya sake ta don kawai ke kike kan waya a lokacin. Na biyu, wanda ya fi muni, ta ɗebo ciwon mace na gaskiya ta zuba a cikin ƙarya, ta fake da wasa ta yi habaici. Wannan ba fasaha ba ce 'yar uwa, tsoro ne. In kina da magana da maƙwabciyarki, ga ƙofarta nan, yi sallama ki shiga.

Kada ku ɗauka mu kaɗai abin ya taɓa ci. Turawa sun riga mu shiga wannan rami. Tun 1978 wasu ɗalibai biyu a Jami'ar Essex ta Ingila, Roy Trubshaw da Richard Bartle, suka fara wasan kwamfuta na rubutu zalla wanda mutane da yawa ke shiga lokaci guda. A 1993, a wani irin wannan dandali mai suna LambdaMOO, wani ɗan wasa ya samu dabarar da yake rubuta abu ya fito kamar mutanen wasu ne suka aikata, ya yi ta sa su aikin batsa a gaban jama'a, masu su suna kallo ba yadda za su yi. Mutanen dandalin suka yi taro, aka goge mutumin nasa gaba ɗaya, wani ɗan jarida Julian Dibbell ya rubuta labarin a jaridar Village Voice ta Amurka a ƙarshen shekarar. Babu wanda aka taɓa jikinsa, amma waɗanda aka yi wa sun ji ciwon har zuci. Shi ya sa masu wannan wasa a can suke da al'ada, in mutum zai yi magana da bakinsa na gaskiya sai ya sa ta cikin baka biyu, kowa ya san yanzu ba mutumin labari ke magana ba. Da mun yi haka, da kuma mun raɗa sunayen ƙarya, da hoton nan bai yi kaifin da ya yi ba.

Sauran ƙananan halaye ba zan daɗe a kansu ba, kun san kanku. Akwai wadda za a rubuta mata sahu goma masu kyau, a jira ta kwana biyu, ta zo ta ce "Hmm" ta ɓace. Akwai wadda tata mutumiyar ba ta da aibi ko ɗaya, 'yar mai kuɗin garin ce, a Dubai ta yi karatu, duk namijin da ya gan ta sai ya rikice, ba ta taɓa ƙona miya ba. Ke kuwa wa zai yi wasa da mala'ika? Uwar miji mai mita ta fi ta daɗin zama sau dubu.

Yanzu bari in zo kan rubutun kansa, domin nan ne raina ya fi ɓaci. Tunda wasan nan ba shi da fuska ba shi da murya, rubutunki shi ne fuskarki, shi ne zanin da kika ɗauro kika fito cikin mata. To me ya sa za ki fito da shi a yamutse? Za ki ga an rubuta "xan xo" maimakon zan zo, an rubuta "ykk" da "lfy" da "ngd" a tsakiyar labari, babu aya babu waƙafi, maganar Alhaji ta shige cikin ta amarya, sai kin karanta sau uku kafin ki gane wa ya mari wa. Rabin jimla Hausa rabi Turanci, Turancin ma a karye. Wata rana aka rubuta mana "Alhaji ya bata". Aka yi ta musu, shin ya ba ta kuɗin cefanen ne, ko ya ɓata ne a hanyar Wapa a fita nemansa? Wata ta rubuta amarya tana jin "kishi" alhali ƙishi take nufi, ruwa take so a ba ta, nan take mai uwargida ta hau ta da gori. Kuma ku gaya mini, tsakanin bari da ɓari, ko baki da baƙi, ƙaramin bambanci ne?

Masu cewa ai Hausa ba ta da ƙa'ida, kowa ya rubuta yadda ya ga dama, ku ji. Tun 1912 Hans Vischer, wanda Kanawa ke kira Ɗan Hausa, gidansa ma yana nan a Nassarawa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko. A shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, a 1980 kuma masana suka zauna a Yamai don a daidaita rubutun Najeriya da na Nijar. Duk wannan wahala aka sha, ke kuma ki zo da ɗan yatsa ɗaya ki rushe. Na san za a ce mini, ai littattafan da muka taso muna saye a kasuwar Sabon Gari, ko muna karɓar haya a ɓoye cikin mayafi, su ma cike suke da kurakurai. Gaskiya ne, har Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu. Amma su suna da uzuri, tafireta da kwamfutocin lokacin ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Duk da haka je ki karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu na 1990, ko Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa, ki ga yadda magana take fita daki-daki, kin san mai faɗa kin san mai amsawa. Ke fa mene ne uzurinki? Wayar da ke hannunki, in kin sa Gboard kin zaɓi Hausa, haruffan nan duk suna ciki, kyauta.

Abin kunyar shi ne, a zaurenmu wadda ta fi kowa kiyaye wannan ita ce Bayarabiyar nan ta France Road. Ita take raba "ya ce" da "ta ce" yadda ya kamata, ita take sa lanƙwasa a inda take. Na tambaye ta, ta ce ita da koyo ta samu Hausar boko a makaranta, shi ya sa take jin nauyinta. Mu da muka tsotsa a nono mu ne muka raina. Kuma mai rubutu da kyau ba ta yi asara ba, tun 2016 BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata ta mata zalla, ga ƙofa nan ga wadda hannunta ya faɗa.

Sai batsa. Ba zan yi dogon bayani ba don littafin nan yana shiga hannun yara. Amma wadda take jan labari kullum zuwa ɗakin Alhaji ta tsaya tana ƙididdige abin da ko a gaban ƙawarta ba za ta iya faɗa da baki ba, ta sani a zauren akwai 'yan mata, akwai kuma wayar da ƙanin miji ke ara ya kira. Mun ga abin da ya sami marubuta a garin nan. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Kano a 2001, a 2007 aka tara littattafan Hausa aka cinna musu wuta a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya, mai laifi da marar laifi duk aka haɗa su aka yi musu kuɗin goro. Mu namu mai tacewar ba sai ya taso daga ofis ba, yana nan a kan gado ɗaya da mu. Rana ɗaya zai leƙa ya ga shafi guda, ya karɓe wayar, ya je majalisa ya ba da labari, gobe mazan layin duk su karɓe na matansu. Macen da take kulle, wadda wannan ɗan wasan ne kaɗai tagar da take shan iska bayan ta gama tuwo da wanke-wanke, ita za ta biya bashin da ba ta ci ba.

Mun sake buɗe zaurenmu bayan sallah, mu 9 muka rage. Kowa ta raɗa wa tata suna na ƙarya, maganar gaskiya tana cikin baka biyu, wadda ta taɓa mutumiyar wata ba izini a cire ta sati guda, wadda ta fitar da hoton rubutu waje kuwa ta tafi ke nan. Bayarabiyar muka naɗa mai duba rubutu, tana yi mana gyara muna jin haushi muna gyarawa. Matsayin uwargida har yau babu wadda ta yarda ta ɗauka, sai muka rubuta cewa ta tafi Umara. Ita kuwa mai shi, na haɗu da ita a Kwari ranar Talata tana taya yadi, muka gaisa sama-sama, na ce mata zaure yana gaishe ta. Ta ce tana amsawa, amma wayar har yanzu tana cikin durowar keken ɗinkin maigidan.