Kashin Jemage: Takin Lambu Ne, Ba Na Gona Ba

Duk malamin gonar da ya taɓa shiga ajin makarantar ƙauye da rana tsaka ya san warin nan da ke saukowa daga silin. Kashin jemagu ne, kuma galibi sharewa ake yi a zubar, sa'an nan a bi masu shi da feshi ko hayaƙi. A ganina asara ce biyu.

Ƙananan jemagun da ke kwana a rufin ɗaki ƙwari suke ci, ciki har da malam-buɗe-littafin dare da ke haifar da tsutsar masara, irin wadda ta ɓulla a Nijeriya a 2016. Shi ya sa kashinsu ya fi na shanu sinadarin naitirojin nesa ba kusa ba. Manyan nan masu cin 'ya'yan itace nasu bai kai haka ƙarfi ba, amma su ne ke barbarar furen kuka da ɗorawa. Mai son daddawa bai kamata ya zama abokin gabar jemage ba.

Shawarata ita ce a yi musu masauki a gefen lambu, nesa da ɗakin kwana da rijiya. Akwati ne na katako marar laushi, buɗe ta ƙasa, a raba cikinsa da allunan da tazararsu ba ta wuce santimita 2 ba. A ɗora shi kan sanda mai tsawon mita 4 ko fiye, inda zafin la'asar ba zai gasa shi ba, a ajiye faranti a ƙasa. Sai an kafa shi sa'an nan a toshe kafofin rufin ɗaki, da dare bayan sun fita kiwo, kuma ba lokacin da suke da 'ya'ya ba. Akan shekara ko fiye kafin su tare, wani akwatin ma ba sa shiga sam.

Kada malaman gona su yi wa manomi alkawarin da ya wuce kima. Abin da akwati ɗaya ke tarawa bai kai ya maye gurbin buhun Yuriya a kadadar masara ba. Ya dai ishi 'yan kunyoyin tumatir da alayyafo da bedin reno, in an cuɗa shi cikin takin gargajiya ya ruɓe. Zuba shi tsagwaronsa a gindin dashe kan ƙona saiwa.

Inda na fi damuwa shi ne wajen kwasa. Busasshen kashin jemage na iya ɗauke da wani naman gwari da ake kira Histoplasma, wanda ke shiga huhu tare da ƙura, an kuma taɓa gano shi a kogon jemagu na Ogbunike a Jihar Anambra. A yayyafa ruwa tukuna, a rufe hanci da baki, a sa safar hannu, a hana yara da masu raunin jiki wannan aiki. Jemagen da aka tsinta a ƙasa kada a taɓa shi da hannu. Wanda ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ya nufi asibiti a ranar, domin jemage na iya ɗauke da ƙwayar cuta dangin ta haukan kare.